Jaka 150 da kibiyar saƙa: sana'ar zare za ta riƙe gida a Marwa?

Wata ƙanwata daga Marwa, a arewacin Kamaru, ta aiko mini da tambaya. Ta ce shekara uku ke nan tana saƙa kayan jarirai a gida, da kibiya da kwarashi, kuma duk wanda ya gani sai ya yaba. Yanzu ta kwashi adashi, jaka 150 na sefa, tana so ta fara sayar da zaren ulu tana kuma ci gaba da saƙarta. Maigidanta ya ce mata wa zai sayi kayan sanyi a garin da ko inuwa ba ta zaunuwa a watan Afrilu. Shi ne ta ce: "Yaya, sana'ar nan tana riƙe mutum, ko in haƙura in sayi firji in riƙa ƙulla ƙanƙara?"

Ƙanwata, maigidanki bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Ni a Garwa nake, kuma kin san Garwa ba ta raga wa kowa a Maris da Afrilu, zafi yakan haura 40 kwana da kwanaki. Duk da haka da zaren nan na biya kuɗin makarantar yarana. Amma na ɗauki shekaru ina saƙa dare da rana, aljihu babu komai, kafin in gane inda kuɗin yake kwance. Wannan wahalar nake so in rage miki.

Sanyinmu gajere ne. Hunturu yakan shigo wajen ƙarshen Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, kafin Fabrairu ya ƙare ya kama hanya. In da rigar sanyi ta manya kaɗai za ki dogara, to gwanjo ya riga ya cinye ki tun ba ki ɗaura zare a kibiya ba, domin rigar da za ki yi sati biyu kina saƙawa, mai gwanjo zai zube irinta a bakin kasuwa a kuɗin da bai kai na zarenki ba. Na daina saƙa wa manya riga tuntuni, sai wanda ya zo da kansa ya ajiye kuɗi. Abin da ba ya yankewa shi ne haihuwa. Kowane mako akwai suna a unguwa, kuma wadda za ta je barka tana son ta riƙe abin da za a ɗaga a nuna wa mata a ce wance ce ta kawo. Saitin riga da hula da safa, da shawul na naɗe jariri, ba su san bazara ba. Damina ma tana da nata ciniki, domin da an sha ruwa a Yuli da Agusta iyaye mata sai su nemi hula da safa. Ke kuma Allah ya ba ki abin da ni ba ni da shi: Mokolo da ƙauyukan duwatsun Mandara suna kusa da ke, can sanyi ya fi cizo. Ni sai dai in aika kaya Ngaundare, wadda take kan tudu sama da mita 1,000, inda ake sa rigar sanyi da asuba kusan rabin shekara. Ki kuma lura cewa kuɗin auduga yana shiga hannun manoma ne a rani, daidai lokacin sanyi, shi ya sa kasuwar ƙauye irin ta Pitowa da ke ci ranar Lahadi takan ɗauki hulunan yara fiye da yadda mutum zai zata.

Yanzu ɗauko alƙalami mu yi lissafin da ya buɗe mini ido. Kuɗin da zan ambata misali ne, ki cire su ki sa na kasuwarku. Saitin jariri sabuwar haihuwa yana cin zare wajen gram 150, wato ƙananan dunƙule huɗu masu gram 40. Mu ce kowanne 300 ne, ya zama 1,200. Maɓalli da ribon da ledar sakawa, 300. Kin sayar 4,000, kina murna kin ci 2,500. To awa nawa kika zauna? In hannunki yana da sauri, riga awa takwas, hula biyu, safa biyu. Awa 12 ke nan, kowace awa ta tashi a sefa 200 da 'yan kai. Dokar da gwamnati ta fitar a 2023 ta sa mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba ya zama 60,000 a wata, wanda in kika raba shi da awannin aiki zai ba ki kusan 350 a awa. Ke nan gwanar da ake yabo a gidan suna ba ta kai ƙaramin ma'aikaci ba, kuma shi ba ya kwana da ciwon wuya.

Juya lissafin ta ɗaya gefen. Kin sari leda mai dunƙule 10 a 2,200, kuɗin mota da ɗauko ya ci 200, kin sayar ɗaiɗai a 300. Ribar kowane dunƙule 60. Kamar abin raini. Amma mace ta shigo ta ɗauki huɗu, ta miƙo kuɗi, ta fita kafin ruwan shayinki ya tafasa, kin ci 240. Mata goma irinta sun ba ki 2,400, kusan abin da kika samu a zaman awa 12. A nan na gane cewa sana'a biyu nake yi a tabarma ɗaya. Saƙar ita ke kiran mutane su shigo, zaren shi ke ɗora tukunya. Tun daga ranar na raba musu jaka da littafi. In zan saƙa wani abu, sai in sayi zaren daga wurin kaina a farashin da kowa ke saye, in zuba kuɗin a jakar zare. Yarana suna yi mini dariya wai Inna tana ciniki da kanta. Da ban yi haka ba, saƙa za ta riƙa cin uwar kuɗi a ɓoye ina ganin kamar riba nake ci.

Tambayar da ta kamata ki yi ke nan ita ce, ina za ki samu matan nan goma? Ba za ki same su a kasuwa ba, ke za ki yi su da hannunki. Ki koyar. Na san abin da za ki ce, wai in kin koya wa 'yan matan unguwa za su ƙwace miki ciniki. Ni ma na yi wannan rowar, na ɓoye salon saƙata kamar asirin gado. Banza ce. Duk yarinyar da kika koya wa, kin samu mai sayen zare ta shekaru, kuma ba za ta je wurin mai tebur a kasuwa ba, domin shi bai san lambar kibiyar da ta dace da zaren da yake sayarwa ba, in saƙa ta karkace kuma ba shi da abin faɗa. Ni ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar nake shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ba na karɓar kuɗin koyo mai yawa, sharaɗina ɗaya, zare da kwarashi a wurina za a saya. Matan da ba sa fita kuwa su ne ƙashin bayan cinikina, yaro suke aikowa da guntun zare a hannu a ce a ba da irinsa. Lokacin hutun makaranta, daga Yuni zuwa Agusta, tsakar gidana ba ya ɗaukar mutane.

Sai maganar zaren kansa, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake cutar sabon shiga. Abin da muke kira ulu, kusan dukansa ba gashin tunkiya ba ne. Akirilik ne, daga man fetur ake yin sa. Ba aibi ba ne, shi ya fi dacewa da mu: yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa. Amma ki san abin da kike sayarwa. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a kan faranti. Akirilik zai narke ya dunƙule ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Auduga za ta ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. Gashin tunkiya na gaske zai yi ƙaurin gashi kamar ana babbakar kai da ƙafa. Wannan gwajin ya taɓa cetona daga wani ɗan kasuwa da ya rantse mini kayansa auduga ce zalla. Saboda narkewar nan ne kuma za ki gaya wa duk mai saye kada ta kuskura ta ɗora dutsen guga a kan saƙa, ko ta shanya ta kusa da murhu. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa. In aka rataye ta da ruwa a jiki, rigar wata uku za ta koma ta ɗan shekara.

Abu na farko da za ki saya daga jaka 150 ɗin nan, kafin ko dunƙule ɗaya, ƙaramin sikeli ne na kicin mai batir. Zare da nauyi ake sanin sa. Akwai dunƙulen da aka naɗe sako-sako ya kumbura ya cika ido, takarda ta ce 40, sikeli ya ce 33. In kin sari leda 30 a haka, kin biya kuɗin iska. Ki auna a gaban mai sayarwa, ba rashin kunya ba ne. Da sikelin kuma za ki auna duk abin da kika gama saƙawa ki rubuta, ta yadda in mace ta ce tana son shawul, ba za ki yi ta kame-kame ba, za ki ce mata gram 400 zuwa 500 ne gwargwadon faɗinsa, ga kuɗinsa. Zaren Turkiyya irin su Alize da Nako yawanci gram 100 ne, kuma takardarsu tana faɗin tsawon zaren da mita da lambar kibiyar da ta dace. Ki koyi karanta wannan, domin dunƙule biyu masu nauyi ɗaya, siririn ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Sun fi laushi, sun fi tsada, kada ki cika ɗaki da su. Leda biyu ko uku sun isa, don matan ma'aikata da masu haihuwar fari.

Akwai wata lamba a jikin takardar da yawancin masu sayarwa ba sa kallo, lambar tukunyar rini. Launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma in ba a tukunya ɗaya aka rina su ba, sai an saƙa an fita rana bambancin ya fito kamar an ja layi. Na taɓa yin shawul ruwan hoda na wata amarya mai haihuwar fari, zare ya ƙare saura kwata, na cike da sabuwar leda da daddare a hasken fitila. Da gari ya waye na ga abin da na aikata. Kwana uku na yi ina warwarewa. Tun daga nan in mace za ta yi babban aiki, sai in ce ta ɗauki abin da zai ishe ta har da ƙarin ɗaya, in ya ragu da takardarsa ta dawo da shi in karɓa.

Launi kuwa, kada ki bi son ranki. Ruwan hoda, shuɗi mai haske, ruwan madara, ruwan ƙwai da fari su ne ke tafiya kullum. Wadda ba ta san abin da za a haifa ba ruwan ƙwai ko tsanwa mai haske take nema. Ruwan toka da ruwan ƙasa da baƙi na hulunan 'yan makaranta da masu babur ne, lokacin hunturu kawai. Ni ina son ruwan goro, na taɓa saro leda shida don ya burge ni, ya yi kwantai shekara biyu. Wani lokaci kuma kasuwa takan zo ta inda ba a zata ba. A Janairun 2022, da aka buga gasar ƙwallon Afirka kuma rukunin Najeriya ya yi wasanninsa a filin Rumde Ajiya nan Garwa, kore da fari sun ƙare mini ƙaf, ga baƙi daga Yola, ga kuma magoya bayan Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, da su ma launinsu ke nan. Irin wannan ba a gina sana'a a kansa, amma mai buɗaɗɗen kunne takan tsinci rabonta.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne, muna zaune a tsakiyar gonakin auduga, hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON tana nan Garwa tun da aka kafa ta a 1974, masaƙar CICAM ma a nan aka gina ta, amma zaren da ke hannunmu ya ƙetaro teku. Mafi yawan audugarmu a dile take tafiya Duwala a loda ta a jirgi, wadda aka kaɗa a gida kuma ta yadi ce da atamfa. Kakata da mazari take kaɗa abawa, masaƙa su yi gwado. In kin samu tsohuwar da har yanzu take kaɗi, ki gwada abawarta da kwarashi, tana yin jaka da shimfiɗar tebur masu kyau, kuma baƙin da ke zuwa kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa irin wannan suke nema. Zaren auduga na kanti ma ki ajiye kaɗan, shi ne na bazara, domin ba ya riƙe zufa kamar akirilik.

Hanyar sari biyu ce. Ko daga kudu, kayan da suka sauka Duwala su hau jirgin ƙasa ko mota zuwa Ngaundare, su gangaro mana, ko daga Najeriya ta Mubi da Yola. Da can ku mutanen Marwa ta Banki da Amshide kuke samun kaya a sauƙaƙe, rikicin Boko Haram ya kashe hanyar shekaru tun daga 2014, kaya suka koma zagaye, kuɗin mota ya hau. Sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 take hawa da sauka. Don haka in ɗan sari ya faɗa miki farashi da naira, ki tambayi ɗan canji a ranar, kada ki yi aiki da lissafin watan jiya. A karon farko ban ba ki shawarar ki tsallaka iyaka da kanki ba. Kuɗin mota da na duwan da na shingayen hanya za su cinye ribar ƙaramin sari. Ki haɗa kai da mata biyu ko uku, ku ba amintaccen mai zuwa saro kaya, ko ki saya wurin babban dila a cikin gari ko da ribar ta ragu. In Allah ya buɗa, Kuseri tana gabanki, Njamena kuma gada ce kawai tsakani, kuɗinmu ɗaya da Chadi, babu ruwanki da canji.

Da ni ce ke, zare na jaka 90 zan saya, kibiyoyi da kwarashi da maɓalli da ribon na jaka 15, sikeli da manyan robobi masu murfi na jaka 10. Sauran 35 in ɓoye su inda ko ni sai na yi tunani kafin in taɓa, don launin da zai fara ƙarewa ba ki san shi ba sai an fara saye. Kada ki kama shago. Ɗakinki ya isa shekarar farko. Robobin nan kuwa dole ne: ƙurar hunturu tana mayar da farin zare ruwan ƙasa cikin mako, rana tana koɗar da launi, gara tana cin kwali, ɓera yana son ya haihu a cikin ulu. Dunƙule ɗaya na kowane launi za ki fitar don nuni.

Za a ce miki ki sayi injin saƙa. Ki dakata tukuna. Injin yana gama jikin rigar jariri cikin ƙasa da awa, gaskiya ne, kuma shi ne ke gyara lissafin awa 12 ɗin can. Amma yawancin waɗanda ke yawo a hannun mutane tsofaffin Brother ne, kamfanin kuma ya daina ƙera su tun shekarun 1990, kayan gyaransu sai an sha nema. Mai allura 200 shi aka fi samu, siririn zare yake ci, ba ya karɓar mai kauri. In za ki saya wata rana, ki zaro sandar soson da ke danne alluran ki duba, in soson ya lafe ya mutu, injin zai riƙa zubar da idon saƙa, mai sayarwa kuma ba zai faɗa miki ba. Ki je da zarenki, ki sa a saƙa tsawon taku ɗaya a gabanki.

Bashi shi ne kabarin wannan sana'a, kuma ba baƙo ke haƙa shi ba, dangi ne. "Yaya, saƙa wa ɗanki hula mana." "In an yi albashi zan aiko." Ni na yanke wa kaina ƙa'ida: duk haihuwar da aka yi a dangi na kusa, hula da safa kyauta ne daga gare ni, na rubuta su a littafi a matsayin alheri, bayan wannan komai da kuɗinsa. Aikin oda kuma rabin kuɗi kafin alƙalami, ko a hannu ko ta Orange Money ko MTN, kafin in ɗaura zare. Wadda ta ƙi ba da rabi, ba za ta zo karɓa ba, na gwada na gani. Ki tanadi canji, don ƙarancin silalla yana korar mai sayen dunƙule ɗaya. Hoton kaya kuma ki ɗauka da hantsi a inuwa a kan farin zane kafin ki sa a WhatsApp, hoton dare yana ƙaryar launi, ya jawo miki rigima.

Tunda jarirai za ki fi yi wa aiki, ki ji tsoron Allah a kansu. Kada ki sa igiya mai zagaye wuya, kada ki liƙa duwatsun ado da yaro zai ciro ya haɗiye, maɓalli ki ɗinke shi da zare ninki biyu. In uwa ta zo a Afrilu tana son ta naɗe jariri da shawul mai kauri, ki gaya mata gaskiya ko da za ki rasa cinikin, zafi yana fito musu da ƙuraje yana galabaitar da su. Ki kuma riƙa saƙa 'yan ƙananan huluna na bakwaini, waɗanda kansu bai fi lemu girma ba. A kasuwa ba a samun su, ga shi a asibiti ana son a rufe musu kai a kwantar da su a ƙirjin uwa don ɗumi. Guntayen zaren da suka rage miki sun isa, kuma ungozomar da kika kai wa goma kyauta ba za ta manta da sunanki ba in ana neman mai saitin suna.

Jikinki ma jari ne. Wuyan hannu da kafaɗa da ido su ke fara kai ƙara. Duk rabin awa ki ajiye kibiya ki miƙe ki yarfe hannu. Baƙin zare da rana ake saƙa shi. Ki sayi fitila mai cajin rana, don kin san halin wutarmu. In yatsu suka fara yi miki sanyi ko tsira kamar allura da dare, ki huta ki je a duba ki, kada ki ce sai kin gama oda.

Firjin kuwa ban raina shi ba. Ƙanƙara tana ci daidai watannin da zare ke barci, Maris zuwa Mayu, kuma na san mata da yawa da ke haɗa biyun. Amma jaka 150 ba za ta ɗauki duka ba, ƙanƙara kuma tana hannun mai ba da wuta, zare kuwa ko an yi sati babu wuta yana nan yadda kika ajiye shi. Ki bar firji sai adashi na gaba. Sarin farko ki yi shi kafin Satumba ya fita, tun 'yan sari ba su ji ƙamshin hunturu sun ƙara kuɗi ba, ki yi Oktoba kina tara huluna da safa, ki kuma fara kiran 'yan mata biyar na farko tun wannan Asabar ɗin. In kin auna ledar farko, ki aiko mini da abin da sikeli ya nuna.